Keken Malam Ilu da Man Gyaɗa

Ga ta nan, kuma a kan taya biyu ta zo muku, don haka ku ba ta hanya.

A Tsaunin Gwaska, wani ƙauye da ke maƙale a kan dutse kamar an manta da shi a can, akwai wani dattijo, Malam Ilu Masinja. Shekara talatin ya yi yana kai takardun hakimi a kan baƙin keke, har ya yarda cewa duk wani abu mai taya biyu ɗan cikinsa ne. Bayan ya bar aiki, wani tsohon abokinsa ya aiko masa da kwali daga Jos, wai keken hawan dutse ne. Matarsa Inna Lantana na tsaye aka buɗe. Ta leƙa ta ga firam tsirara, ruwan lemo, ba taya ba sirdi, sauran kayan kuma a ƙulle cikin ledoji kamar rabon naman layya.

"Malam, ai ƙashin keke aka aiko maka."

"Ke dai shimfiɗa mini tabarma a zaure, ki kawo man gyaɗa."

Akwai ɗan littafi mai hotuna a cikin kwalin. Ya miƙa mata ya ce ta hura wuta da shi, shi takarda ba za ta koya masa keke ba. Ta karɓa ta ɓoye a cikin kwalla. Sannan ya tara 'ya'yansa uku, kowa da iyalinsa, ya ce, "Ni kaɗai zan haɗa shi. Duk wanda ya sa masa hannu, ban yafe ba. Ranar Laraba ta sama, a kansa zan sauka kasuwa."

Lantana ta san abin da ke gaba. Hanyar kasuwa gangara ce, kuma a tsakiyarta akwai Kwanar Rami, inda ko akuya sai ta rage gudu. Ga shi a gidan nan ba a gyara wa Malam. Ko hula ya sa a karkace, sai dai kowa ya karkata kai ya dube shi. Daga madafinta kuwa akwai wata 'yar kafa a katanga da take hango zaure, kuma duk abin da ya faru a zauren ta nan ta gani.

Ranar da Malam ya tafi zaman makoki ƙauyen gaba, sai ga babban ɗansu Sallau, bakaniken babur. Ya dubi keken ya dafe kai. Ƙafar gaba, wadda ke riƙe da taya kuma take lotsawa in an hau dutse, Malam ya juya ta gaba a baya, don a ganinsa haka ta fi kyau. Sallau ya yi ta kai da komowa a zaure, ya fita, ya dawo. Daga ƙarshe ya tuɓe riga, ya kwance gaban keken kaf, ya juya ƙafar, ya mayar. Rabin wuni ya yi. Ya goge sawun hannunsa da gefen wandonsa, ya fice yana istigfari.

Ranar da Malam ya je aski, sai ga 'yarsu Hansai, tela, ta kawo masa rigar da ta yi wa faci. Ta jingina da kan keken, sai kan ya juya, taya kuwa ba ta motsa ba. Ashe kusoshin da ke riƙe da shi masu rami ne a ka, sifanar Malam ba ta kama su, shi ne ya cusa guntun gwangwanin madara ya ɗaure da roba. Hansai ta ruga gida ta ɗauko wani lanƙwasasshen ƙarfe daga akwatin keken ɗinkinta. Kusa huɗu ta ɗaure, aikin da bai kai dahuwar shayi ba, amma hawaye na ɗiga a kan firam, don ita ce 'yar lelen Malam, bai taɓa ko ɗaga mata murya ba. Ta mayar da robar yadda ta same ta.

Ranar Juma'a, Malam na masallaci, auta Jatau mai tsire ya bari aka yi gaba ya shigo. Shi bai san komai a keke ba, hancinsa ne ya kai shi. Ya sunkuya ya shinshina faifan birki, ya ji man gyaɗa. Ashe Malam ya ji birkin na ƙara, shi kuwa a iliminsa duk abin da ya yi kuka mai yake so. Jatau ya matse birki ya tura keken, keken ya tafi sumul. Ya zare 'yan ƙarafan da ke cizon faifan, ya gasa su a garwashin Inna kamar tsire har man ya ƙone, ya dirje faifan da toka da ruwan zafi. Ya rasa jam'i, ya ƙona yatsa biyu. Da zai fita suka haɗa ido da uwarsa. Ya sunkuyar da kai ya wuce.

Laraba ta zo. Lantana ta hau falalen dutsen da mata ke shanyar barkono. Malam ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya yi bisimilla, ya saki keke. 'Ya'yan uku suka bi shi a guje, kowa na zaton shi kaɗai ke ɗauke da fushin uba.

Dab da Kwanar Rami tayar gaba ta daki wani tudun dutse. Ƙafar ta lotsa ta miƙe, Malam bai wuntsila ba. Yana shan kwana sai ga jaki da kayan itace ya tare hanya, yana tunanin duniya. Malam ya fizgi kan keke, taya ta bi umarni, ya goge jelar jakin ya wuce, amma yanzu rami ya nufa. Ya damƙe birki da duk ƙarfinsa. Keken ya yi wata ƙara da aka ji har kasuwa, ya tsaya cak. Tsakanin taya da bakin rami bai kai taki ɗaya ba. Hularsa ce ta ƙarasa tafiyar, kuma har yau ba ta dawo ba.

Lantana ta tsinci kanta zaune a cikin barkonon mutane, bakinta a buɗe.

Da la'asar Malam na tsakar gida, 'ya'ya na durƙushe, yana ba da labarin karo na shida. "Kun ga amfanin hana ku taɓawa? Da hannun wani ya shiga, da yanzu ana haƙa mini kabari. Sai dai birkin nan har yanzu yana kuka. Lantana, kawo man gyaɗa in ƙara masa, gobe zan sake sauka."

Shekara arba'in ba ta taɓa musa masa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da littafin nan, ta ajiye a gabansa.

"Malam, mai ya ƙare. Ka dubi hoton nan. Wancan babban shi ya juya maka ƙafa. Hansai ta ɗaure maka kai. Auta ya gasa maka birki. A aikinka, sirdi ne kaɗai ba a taɓa ba."

'Ya'yan suka dubi juna, kowa ya fi wani firgita. Malam ya dubi hoto, ya dubi keke, ya dubi yatsun Jatau. Can ya shafa kansa inda hula take a da.

"Na yafe," ya ce a hankali. "Ni da keken nan kuma har abada. Wanda ya ceci raina a cikinku shi zai ɗauka. Lantana, ke kika gani, ki faɗa."

"Ni na gama tawa maganar ta shekara arba'in," in ji ta, ta koma madafi.

Keken na nan jingine a zaure. Ba don Sallau ba, da tun a tudun dutse an gama. Ba don Hansai ba, da jaki ya sha karo. Ba don Jatau ba, da Malam ya bi hularsa. To, ku da kuke zaune kuna dariya, a cikin ukun nan wa za a miƙa wa keken?