Mutumin Tudu a Lambun Fadama

An yi wani mutum da ya tashi a ƙasar tudu, inda ruwa ke da wuya. Tun yana yaro mahaifinsa ya koya masa ya haƙa gurbi kewaye da kowace shuka, don kada ko ɗigo ya gudu.

Da ya girma, wani maigida ya ba shi lambun barkono a fadama, ya ce, "In ya yi kyau, kai za ka riƙe shi. In ya lalace, zan nemi wani."

Mutumin ya haƙa gurbi, yana ban ruwa safe da yamma. Ganye ya soma rawaya. Ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Sai barkonon ya kwanta. Ya tuge ɗaya, ga saiwa ta ruɓe.

Maigida ya same shi zaune da saiwar a hannu.

Mutumin ya ce, "Maigida, ban gane ba. Yadda Baba ke yi, haka na yi."

"Kafin Babanka ya zuba ruwa, me yakan yi?"

"Yakan durƙusa ya cusa yatsa cikin ƙasa. Na ɗauka bayansa ne ke ciwo."

"To, kai ma durƙusa."

Ya cusa yatsa, sai ruwa ya biyo shi. Ya ɗago kai ya yi tambaya.

"Wato Baba kuskure ya yi?"

Maigida ya ce, "Gurbin na ƙasarku ne. Yatsan kuwa na ko'ina ne."

Mutumin ya cike gurbin, ya yanka wa ruwa hanya. Rabin barkonon ya tashi, aka bar masa lambun.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwana malaman makarantar Lahadi. Lambun shi ne yaran da Ubangiji ya danƙa mana. Gurbin shi ne abin da muka kwaso daga inda muka tashi: wani bulala, wani haddace aya, wata shirun makarantar kwana. Muna ƙara shi, yara suna yaushi, mu kuma mun rasa dalili. Ba a ce mu jefar da tarbiyyarmu ba. Waɗanda suka rene mu sun san mu kafin su zuba mana, mu kuwa zubawar kawai muka gani. Ranar Lahadi mai zuwa, kafin ku buɗe darasi, ku durƙusa ku tambayi yaron nan mai shiru ko ya ci abinci.