Allon Tagullar da Aka Jefa a Kogi

A can ƙasar Hindu, a zamanin da ake auna ƙarfin sarki da yawan giwayensa, an yi wata daula mai faɗi, mai yalwa, wadda ake kiran babban birninta Tamrapura. Sarakuna tara ne suka gaji juna a kanta: na biyu ya kewaye birnin da ganuwa, na huɗu ya ci ƙasashe tun daga duwatsun arewa har bakin teku, na shida ya haƙa tafkuna dubu domin manoman shinkafa, na tara kuwa shi ne Meghawarma, dattijo mai haƙuri, mai sanyin hali, wanda sarakuna goma sha biyu ke kawo wa gaisuwa kowace shekara. Al'adar gidan ita ce a zana labarin kowane sarki a kan allon tagulla, a zura allunan a zobe ɗaya. Amma alluna takwas ne a zoben. Na farko ya ɓata, babu kuma wanda ya san sunan mutumin da ya kafa gidan. Mawaƙan fada sukan ce daga farin wata ya sauko, a yi tafi, a wuce.

Meghawarma ba shi da magaji sai 'ya ɗaya, Hemalata, mai shekara goma sha biyu, mai yawan tambaya. Da tsufa ya kama shi, ya tara sarakunan nan ya nemi su yi mata mubaya'a. Sai Rudrapala, sarkin kudu, mai giwaye dubu da faɗin rai, ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ƙi ba. Amma wanda zai hau gadon kakansa ya kamata ya san sunan kakan. Wata dai muna ganinsa, ba mu taɓa jin an yi masa barka da haihuwa ba. Ta faɗa mana sunan kafin saukar damina, in ba haka ba kowa ya koma ƙasarsa ya sa wa giwayensa sulke."

Hemalata ta san ma'anar wannan magana ita ce yaƙi. Ta tafi wurin Somadatta, tsohon da ke zana allunan, ta tsare shi da tambaya har ya ce, "Ranki ya daɗe, kakana ya gaya mini sarki na huɗu ne ya jefa allon a Kogin Suwarna da hannunsa. Abin da ya faɗa kogin nan kuwa ya zama na aljannu."

Kwana tara ta yi tana tafiya. Da hantsin na goma ta tsaya a bakin kogin ta yi sallama sau uku, sai ruwan ya dare biyu, matakalai na farin dutse suka bayyana. Ta sauka ta tarar da wani birni mai haske, mai ban mamaki, wanda aka gina da abubuwan da mutane suka jefar don kunya: takubban waɗanda suka gudu daga fagen fama, zobban alkawuran da aka warware, wasiƙun da aka rubuta aka kasa aikawa. Tsakaninta da fadar akwai wani baƙin tafki mai juyi, a bakinsa wani tsohon kwalekwale mai yoyo da filafili ɗaya, babu matuƙi. Ita da ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi mafici nauyi ba, ta shiga, ta tuƙa, ta kwashe ruwa da tafin hannu, ta sake tuƙawa, har hannuwanta suka yi kanta, ta isa gaɓa.

Shamkuru, sarkin aljannun kogi, mai gemu kamar kumfar ambaliya, ya yi dariya har rumfar fadarsa ta girgiza. Ya ce, "Sannu da zuwa, jikar wata! Ashe a wata ma ana koyon tuƙi? Hannunki ya riga bakinki sanin kakanki." Ya sa aka kawo allon, ta karanta. An rubuta cewa a shekarun da ƙasar ba ta da sarki, mai ƙarfi na cinye mara ƙarfi, an yi wani mai fito ana ce masa Gowinda, wanda ke ƙetarar da kowa ba ya tambayar ɓangarensa. Da shugabannin garuruwa goma sha biyu suka gaji da binne 'ya'yansu, suka duba ba su sami wanda babu mai riƙe da shi a zuciya ba sai shi. Kowannensu ya zuba tafin shinkafa a kwalekwalensa, suka naɗa shi. Ga sunayensu a jere.

Shamkuru ya ce, "Yarinya, in kin karanta wannan a gabansu, za su ce su suka bayar, su kuma za su karɓe. Maƙerana za su iya zana miki wani allo mai sunan ɗan wata, babu mahalukin da zai gane." Hemalata ta dubi hannuwanta, sannan ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na gode da ajiyar da ka yi mana ta shekaru. Amma mutum goma sha biyun nan sun daɗe a ƙarƙashin ruwa. Zan tafi da su gida."

Ta iso Tamrapura hadarin farko yana haɗuwa. Ta tsaya a gaban sarakunan ta karanta allon duka, ba ta tsallake kalmar mai fito ba. Rudrapala ya ce, "To, ashe kakanninmu ne suka ba ku."

Ta ce, "Haka ne, Baba. Shekara ɗari biyu muna cin wannan kyauta, ba wanda ya ce an gode. Ni na zo in ce an gode." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana durƙusawa, tana kiran sunan kakan kowane. Da ta zo kan Rudrapala ta ce, "Nagapala, wanda ya fara zuba shinkafa."

Rudrapala ya ce, "Sake karanta wurin nan, 'yata." Ta sake. Ya juya ya ce wa baransa, "Me kake jira? Kawo shinkafa. Gidanmu ne ke farawa, kada wani ya riga ni."

Aka naɗa ta ruwa yana zuba, mahaifinta yana hawaye, Somadatta kuma ya zura allon a zobe ya cika tara. A ranar Hemalata ta gane cewa mutane ne suka ba gidansu sarauta, kuma dole ne wanda aka ba ya riƙa tunawa yana godiya.