Agogon Mai Usur a Hannun Tela

Mai Usur ya shekara talatin da ɗaya yana koyar da wasannin motsa jiki a makarantar sakandare. Har bayan ya yi ritaya sunan bai bar shi ba, domin usur ɗin ma bai bar aljihunsa ba. Mutum ne mai kirki da son raha, amma yana da aibi guda: ba ya son a ce masa ba zai iya ba. In kana so ka ga ya kinkimi buhun siminti, ce masa ya fi ƙarfinsa.

Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gidansa. A asibiti aka gano cewa zuciyarsa takan ɓalle da gudu babu tsari. Aka yi masa aiki, aka dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirjinsa ta hagu, wadda za ta riƙa lura da bugun zuciyar, ta daidaita shi idan ya rikice.

Ranar sallama likitarsa ta yi masa bayani dalla-dalla. "Baba, tafiya kam ka yi ta, tana da amfani. Amma kada bugun zuciyarka ya wuce ɗari da ashirin a minti ɗaya, har sai mun sake ganinka nan da wata uku."

"Ɗari da ashirin?" in ji shi. "Likita, ai ni ko igiyar takalmi nake ɗaurewa na wuce haka."

Babbar 'yarsa ba ta yi dariya ba, don ta san halin mahaifinta sarai. Washegari ta kawo masa agogon hannu mai auna bugun zuciya, ta haɗa shi da wayarta. Ta ce, "Ko ina wurin aiki ina gani, Baba. Don Allah ka tausaya mana."

Kowace safiya yakan fita filin shaƙatawa na unguwarsu tare da tsohon amininsa Tela, wanda ciwon gwiwa ya sa yake tafiya kamar yana tsoron farkar da ƙasa. Mako biyu Mai Usur ya daure. Da ya ɗan ɗaga ƙafa sai agogon ya kama tsuma a hannunsa, dole ya rage. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tsofaffin ɗalibansa, waɗanda a da yake kora da usur su zagaye fili, yanzu su ne ke wuce shi a guje suna cewa, "Sannu Malam, a yi a hankali!" Wannan sannun ta fi zagi yi masa ciwo.

A mako na uku sai dabara ta faɗo masa. Ya kwance agogon, ya kamo hannun Tela ya ɗaura masa.

Tela ya ce, "Kai, Malam, wannan ba ha'inci ba ne?"

"Ha'incin me? Riƙe mini za ka yi, zagaye uku kawai. Ni na san jikina fiye da kowane agogo."

Haka aka ci gaba. Mai Usur na sheƙa gudu, Tela na jan ƙafa da agogo a hannu, 'yarsa kuma tana can tana duba waya tana murna. Da yamma takan kira shi ta ce, "Baba, casa'in da biyar yau ma! Wallahi ka burge ni." Yakan ji 'yar kunya, amma zuwa safe ta wuce.

Wata Talata, yana cikin zagaye na uku, sai ya ji ƙirjinsa na fat-fat, idonsa ya yi duhu. Da ƙyar ya kai kan benci. Kafin Tela ya iso abin ya lafa.

"Lafiya dai?"

"Tsakuwa ce ta shiga takalmi," in ji Mai Usur. Har ya cire takalmin ya kakkaɓe, ba abin da ya faɗo.

Da wata uku suka cika, 'yarsa ta raka shi asibiti. Likitar ta ɗora wani ɗan faifai a kan ƙirjinsa, rubutu ya cika fuskar kwamfuta. Yarinyar ta miƙa wayarta tana alfahari. Likitar ta dubi waya, ta dubi kwamfuta, ta sake duban waya.

"Akwai matsala," in ji ta. "Agogo ya ce casa'in da biyar kowace safiya. Na'urar da ke ƙirjinsa ta ce ɗari da sittin. Ita kuwa ba ta mantuwa, duk bugu tana ajiyewa."

Ta nuna wani layi da ya hargitse. "Wannan wata Talata ce, bakwai saura kwata. Bugun ya wuce ɗari biyu, ya rikice. Na'urar ce ta dawo da shi cikin daƙiƙa tara. Ba don ita ba, da yau ba a nan muke ba."

Idon yarinyar ya cika da ƙwalla. Ta ce, "Laifina ne. Ni na sayo agogon banza, na zauna ina yabonsa. Da na kashe mahaifina da hannuna."

Nan ne girman kan Mai Usur ya karye. Ya jure kallon likita, amma bai iya jure ganin 'yarsa tana ɗaukar laifinsa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Agogonki lafiyarsa ƙalau. Zuciyar Tela kika yi wata biyu kina dubawa."

Can ya tambaya da ƙaramar murya, "Likita, na lalata zuciyata ke nan?"

"A'a, Baba, Allah ya kiyaye. Zuciyar ba ta ƙara rauni ba, na'urar ma ƙalau take. Zan gyara maganinka, mu gwada ka a kan injin gudu a gabanmu. In ka yi kyau, zan ba ka izinin sassarfa. Da ma abin da na shirya maka yau ke nan, da ka yi haƙuri."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. 'Yarsa ta riƙe hannunsa tana kuka tana dariya. "Alhamdu lillahi. Amma Baba, kai da Baba Tela sai mun zauna."

Washegari Tela ya zo da hannayensa biyu cikin aljihu, ya ce, "Kada ma ka fara." Mai Usur ya nuna masa agogon ɗaure a nasa hannun. Sannan ya zaro tsohon usur ɗinsa ya damƙa wa amininsa.

"Riƙe wannan," in ji shi. "Duk ranar da ka ga na wuce ka, busa."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wanda ya ɓoye wa likita gaskiya kansa ya cuta, domin ana iya ruɗin agogo da mai duba shi, amma ba a ruɗin jiki. Mai larura ya bi ƙa'idar da aka ba shi, in ta yi masa tsauri ya koma ya tambaya, kada girman kai ya sa ya yi wasa da ransa da hankalin masu ƙaunarsa. Mai Usur ya tsira, amma ba kowa ke samun waɗannan daƙiƙu tara ba.