Ranar da Tunkiya ta zo da Aku

Ku matso, yara. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Iya!

An yi wata Kura da Zaki, sarkin dawa, ya ba aikin tambayar haraji. Ranar naɗinta aka yi shela a kasuwa: duk wanda aka kira, sai an gaya masa cewa tambaya ta fara, kuma yana da ikon zuwa da ɗan rakiya ya zauna ya ji komai. Dabbobi suna ta ciniki, ba su saurara ba. Kura kuwa ba ta tuna wa kowa ba.

Ta kira Zomo. "Sannu da zuwa. Yaya gona?"

"Alhamdu lillahi."

"Ashe ta yi albarka! Kawo rabin rumbu."

Ta kira Kurciya. "Yaya gona?"

"Sai godiya."

"Ashe ta yi albarka! Kawo rabin rumbu."

Kun dai san halinmu. Ko gidan mutum na cin wuta, in ka gaishe shi, lafiya lau zai ce maka.

Sai aka kira Tunkiya. Geronta ɗan kaɗan ne, in aka taɓa shi 'ya'yanta ba za su kai kaka ba. Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma ita ta ji shelar nan. Ta biya ta ɗauki Aku.

Kura ta ce, "Wannan fa?"

"Ɗan rakiyata ne, ranki ya daɗe. Sarki ya yarda."

Kura ta yatsina fuska. "To, yaya gona?"

"Gaisuwa ce, ko tambaya ta fara?"

"Gaisuwa ce mana."

"Lafiya lau."

"Ashe ta yi al..."

Aku ya ce, "Gaisuwa ce mana! Gaisuwa ce mana!"

Kura ta haɗiye sauran maganar. "To, tambaya ce."

Tunkiya ta ce, "Fara ta cinye. A zo a duba."

Kwaɗayi ya rufe wa Kura ido, ta matso ta yi ƙasa da murya. "Ba ni ɗan autanki, in yafe miki."

Fir, Aku ya tashi, sai fada. Ya sauka gaban Zaki, ya maimaita da muryar Kura sak: "Ba ni ɗan autanki, in yafe miki!"

Zaki ya sa aka mayar wa kowa hatsinsa. Ita kuwa Kura, hannu ɗaya ya ɗora mata a ƙugu, shi ne har yau take tafiya tana jan ƙugu.

In hukuma ta kira ku, ku tambaya ko gaisuwa ce, kuma kada ku je ku kaɗai.

Kurunkus! Na ajiye ta nan, kowa ya nemi tabarmarsa.