Tsohon Direba da 'Ya'yan Kifin Auta

Akwai wani dattijo da duk unguwarsu ba mai kiran sunansa, Tsohon Direba kawai ake ce masa. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar masu gyaran layin wuta, irin mai jan tayoyi huɗu. Idan hanya ta ɓaci, sai ya ja wani ɗan ƙarfe kusa da giya, tayoyin gaba da na baya su kulle su riƙa ja tare.

Mutumin kirki ne, wallahi, amma yana da hali ɗaya: in dai yana cikin mota, to shi ne a sitiyari. Matarsa takan tsokane shi cewa ko a makara aka ɗauko shi sai ya gyara wa masu ɗauka kwana.

Autarsa ta bar aikin ofis ta kama kiwon kifi. Dangi sun yi surutu har sun gaji. Ta gina tafkunan siminti a gonarta da ke kan wani tudu a bayan gari, ta zuba duk abin da ta tara a ciki. Saura kawai ta kawo 'ya'yan kifin farko.

Ranar da za a ɗauko su, an kwana ana ruwa. Mai ƙyanƙyasar kifin ya zuba mata su a manyan jarkoki masu yankakken baki, aka jera a bayan mota, sannan ya ja mata kunne.

"Kada ki tsaya ko'ina. Iskar da ke cikin ruwan nan kaɗan ce. Idan kika ga sun taso sama suna buɗe baki, to lokaci ya fara ƙure miki."

Babanta, da ya rako ta wai don ya ga wuri, ya miƙa hannu. "Kawo makullin, Auta. Hanyar yau ba ta yara ba ce."

Ta miƙa masa da hannu biyu.

To, jama'a, motar Auta ita ma tana jan tayoyi huɗu, amma ba irin ta Baba ba ce. Ba ta da ɗan ƙarfen nan. A hanya mai kyau tayoyin gaba ne ke aiki, sai sun fara zamewa take tura ƙarfi baya da kanta. Idan kuma taya ɗaya tana juyawa a banza, motar ce ke kama ta da birki don ƙarfin ya koma ga wadda ta sami abin takawa. Tana yin haka da wata ƙara mara daɗi, ga wata 'yar fitila tana ƙiftawa a gaban direba.

Suka iso gindin tudun. Jar laka ce tun daga ƙasa har sama, tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. A gefe ga maƙwabcin gonarta, mai kiwon kaji, motar kayansa ta maƙale a kwari. Irin ta Baba ce sak, ya kuma ja ƙarfen, amma taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya sai wulwulawa suke, sauran biyun ko motsi.

Baba ya kalle shi ya girgiza kai. "Bai iya zaɓen hanya ba ne."

Ya taka totur, motar ta fara hawa. Suna kai tsakiya tayoyin gaba suka zame, sai ga ƙarar nan, ƙarr-ƙarr-ƙarr, daga ƙarƙashi. Nan take Baba ya ɗage ƙafa. Dokarsa ce ta shekara da shekaru: mota ta yi kuka, ka saurara mata kafin ta karye. Motar ta tsaya, ta silalo baya a hankali.

Ya sake gwadawa, ƙarar ta dawo, ya sake ɗagewa. Ya ja baya sosai ya taho a guje, bayan motar ya karkace har ya kusa faɗawa lambatu, ruwan jarkokin ya fantsamo kan kujera.

"Wannan ba mota ba ce," in ji shi, yana share gumi. "An cuce ki, Auta. Wani abu ya ɓalle a ƙasa."

Auta ta fita ta buɗe baya. Kifin sun taso sama gaba ɗaya, ƙananan bakuna sai buɗewa suke, wasu ma sun riga sun juya cikinsu sama. Rana kuma ta fara fitowa da zafi.

Ta san abin da ke faruwa da motar. Lokacin da take jigilar siminti a hawan nan, makanikenta ya yi mata bayani, ta kuma gwada ta gani. Amma tun da aka haife ta ba ta taɓa ce wa mahaifinta ka yi kuskure ba, balle a kan tuƙi, balle a gaban baƙo. Ta tsaya tana kallon kifin, idonta ya ciko.

Sai ta zagayo ta tagarsa, ta rage murya yadda mai kaji ba zai ji ba.

"Baba, ka gafarce ni. Ƙarar nan ba karyewa ba ce, aikinta take yi. Tana neman tayar da za ta kama ƙasa ne, sai an ɗan ba ta lokaci. Kana ɗage ƙafa take dainawa."

Ya ɗago ya dube ta. "Ni za ki koya wa tuƙi?"

"A'a, Baba. Wane ni. Halin wannan ɗin kawai na sani. Kifin ne suke mutuwa."

Baba ya fito ya zagaya baya, ya leƙa jarkokin da kansa. Ya sa yatsa ya taɓa ɗaya daga cikin waɗanda suka juya, bai motsa ba. Ya daɗe a sunkuye.

Da ya miƙe, sai ya cire takalmansa ya ajiye a kan kujera, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa.

"Shiga ki zauna," ya ce. "Ke kin san motar, ni na san laka. Ki dubi hannuna, kada ki dubi komai."

Dattijon nan ya shiga laka ba takalmi, yana taka ƙasa yana ji da tafin ƙafa. Ya bar tsakiyar hanya inda tayoyi suka goge, ya gano gefen dama inda akwai tsakuwa da 'yar ciyawa. Ya hau sama kaɗan, ya juyo, ya yafito ta.

Auta ta yi bismillah ta taka totur, ba da ƙarfi ba, ba kuma da tsoro ba. A tsakiya ƙarar ta taso, fitilar ta shiga ƙiftawa, motar ta yi kamar za ta tsaya. Mai kaji ya rantse daga baya cewa ya ga ƙafar Baba ta dama ta ɗaga daga laka da kanta, kamar yana sakin totur, don sabo. Amma hannun Baba bai daina kiranta ba.

Ba ta ɗage ba. Motar ta yi gurnani, ta ɗan girgiza, sai tayar baya ta kama tsakuwa. Ta matsa taku ɗaya, ta ƙara wani, ta bi hannun Baba dama, ta bi shi hagu, har ta haye kan tudun. Baba ya ɗaga wa mai kaji murya ya ce ya fara tara duwatsu, yana dawowa su fid da tasa.

A bakin tafki Auta ta riƙa ɗibar ruwansa tana zubawa a jarkokin kaɗan-kaɗan don kifin su saba, sannan suka karkata su tare. Waɗanda suka mutu ba su cika tafin hannu ba. Sauran suka watse cikin ruwa, baƙi-baƙi, suna wutsil-wutsil.

Ta durƙusa nan kan siminti, hawaye na zuba. "Baba, na gode. Ka yafe mini maganar da na yi maka."

Ya zauna a bakin tafkin, laka har gwiwa, yana kallon kifin.

"Ni ne da godiya, Auta. Da kin yi shiru don kunyata, da yanzu ni na kashe miki su da hannuna, kuma da ba za ki taɓa faɗa mini ba. Allah ya yi miki albarka."

Darasi: Ƙwarewar shekaru ni'ima ce, amma ba komai ta sani ba, domin kayan aiki suna canzawa. Idan kai ne babba, ka saurari na ƙasa da kai kafin a yi asara. Idan kai ne ƙarami, kada kunya ta sa ka ɓoye gaskiyar da za ta ceci wani abu, ka faɗe ta cikin ladabi. Ku tura wa iyayenku da 'ya'yanku wannan labari, kuma wanda yake da uba mai sauraro ya gode wa Allah yau.