Muryar Hafiza a Wayar Direba

Malam Sirajuddeen malamin Faransanci ne a wata sakandare a Gwandu. Ya iya aikinsa, wannan ba a musu. Aibinsa ɗaya, mutum ne mai son a yi dariya, ko da kuwa da mutuncin wani za a yi ta.

Da ya ga ɗalibansa suna rubuta Faransanci amma bakinsu ya ƙi furta shi, sai ya samo musu wani shafin intanet. Ɗalibi zai saurari jimla, ya maimaita, ya naɗi muryarsa, ya tura wa malami. Ya ce musu, "Ku saki jiki ku yi ta kuskure. Daga ni sai Allah, ba mai jin ku."

Akwai wata yarinya Hafiza, 'yar ƙauyen Dodoru, mai in'ina. Ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Amma jin wannan alkawari sai ta riƙa aron wayar yayanta tana turo murya. Kuma wallahi tana ci gaba, har ta fara haɗa jimla ba tare da ta tsaya ba.

Wata rana ta turo wata gaisuwa da harshenta ya sarƙe a kai, ta yi ta nanata gaɓa ɗaya. Malam ya yi dariya har da riƙe ciki. Maimakon abin ya tsaya nan, sai ya tura wa abokansa a zaurensu na waya, wai su ma su sha dariya. Bai sake tunawa da zancen ba. Da Hafiza ta daina zuwa makaranta ma, cewa ya yi aikin gona ne ya riƙe ta.

Ran nan ya shiga motar haya zuwa Kalgo ɗaurin auren abokinsa. Ana cikin tafiya wayar direba ta yi ƙara. Ashe muryar Hafiza ce, an ɗora mata kiɗa, an mai da ita ƙarar kira. Mota ta kwashe da dariya. Direba ya ce, "Ai har garin Dangoma an san Bafaranshiyar nan."

Wani dattijo da ke gefen Malam, mai suna Mamman, bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, "Direba, don Allah kashe. Ɗiyata ce."

Direba ya kashe. Dattijon ya juyo wajen Malam, don ya ga shi ma bai yi dariya ba, ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Yarinyar nan ko rijiya ta je, yara na bin ta suna kwaikwayonta. Yanzu ko a gida da hannu take nuna abin da take so. Na ce zan je in sami malamin, ta riƙe rigata tana kuka. Wai malaminsu ba zai yi haka ba, ya yi musu alkawari, sai dai ɓarayin intanet."

Kunya ta rufe Malam Sirajuddeen, ya kasa haɗa ido da mutumin da ke sa masa albarka. Dattijon ya ce, "Kai kuwa wane aiki kake yi?"

Malam ya nemi direba ya tsaya, ya sauka a bakin hanya tun ba a kai Kalgo ba. Daga baya ya je Dodoru ya faɗi gaskiya, dattijo ya yafe masa. Hafiza kuwa ta saurare shi daga bayan labule, amma ba ta sake komawa ajinsa ba.

Darasi: Mai koyon sabon harshe sai ya yi kuskure kafin bakinsa ya faɗa, kuma ba ya yarda ya yi shi sai a gaban wanda ya amince da shi. Muryar da ɗalibi ya turo maka amana ce. In ka watsa ta don dariyar minti ɗaya, ba ka da ikon janye ta daga wayoyin mutane, kuma neman gafara ba lallai ya maido wa yaro ƙarfin zuciyar da ka karya ba.