Malam Tanimu da Ruwan Burtsatse

An yi wani bawan Allah a wani gari na ƙasarmu, ana ce masa Malam Tanimu. Ɗanmu ne, jama'a, kuma ina faɗa da alfahari. Aikinsa binciken ƙwayar cutar taifot, har furfura ta fito masa a kai.

Ku saurara. Idan ƙwayar nan ta shiga jiki, sai jiki ya hana ta wani sinadari mai suna magnesiyam, don yunwa ta karya ta. Ita kuwa Allah Ya sa mata wani umarni a cikinta da take karantawa. Da yunwa ta kawo cikas ga karatun, sai ƙwayar ta buɗe ƙofar jawo sinadarin, ƙarfinta ya dawo, ta kayar da yaro.

Malam Tanimu ya haɗa maganin da zai hana ƙofar buɗewa. Ya gwada, ƙofa ta ƙi buɗuwa! Gari ya ɗauka. Aka sa ranar karrama shi, aka fara maganar gwada maganin a kan yara marasa lafiya.

Ana cikin shiri sai ya tuna wani abu. Ranar da ya yi gwajin, injin tace ruwa ya lalace, da ruwan burtsatse ya yi aiki. Ya auna ruwan, sai ga shi cike da magnesiyam. Ashe ƙwayar ƙoshi ta yi, shi ya sa ba ta buɗe ƙofa ba. Maganinsa bai yi komai ba.

Ya nuna wa abokin aikinsa, Mamuda, sakamakon awon. Mamuda ya ja shi gefe ya ce, "Haba Malam, wa ya sani? Daga ni sai kai."

Ya ce, "Mamuda, ƙwayar ta sani. Ranar da ta shiga cikin ɗan wani, ba za ta rufa mini asiri ba. Wanda Ya halicce ta kuma Yana gani."

Ranar taro ya miƙe ya ce, "Kuskure na yi. Kada a ba ɗan kowa maganin nan." Aka fasa karramawa, wasu har da dariya. Ya koma ɗakin bincikensa ya wanke kwalabe, ya fara daga farko. Amma ko yaro ɗaya ba a jingina ransa da maganin banza ba.

Wannan ita ce gaskiya, jama'a: ka faɗe ta ko da kai za ta kayar. Kai mai awo, ke mai tuya, kai mai gini, kowa ya san ruwan da ya zuba a aikinsa. Ku faɗa tun bai kai bakin ɗan wani ba.